Maganar Sallamar Sufeton Gobara

Duk wanda ya zauna a rumfa ko a ƙofar masallaci cikin makon nan da ya wuce ya ji maganar da a ke ta yi a kan sufeton gobara na kasuwarmu. Waɗansu 'yan kasuwa sun rubuta takarda, sun sa hannu, sun kai wa shugabannin ƙungiya, suna neman a sallami dattijon nan daga aiki a taron ran Lahadi mai zuwa. Waɗansu ma sun wuce nan, sun ce a soke aikin ɗungum, a bar karɓar kuɗin wata da a ke biyansa da shi. Tun da ya ke takardar nan ta jama'a ce, masu ƙara namu ne, wanda a ke ƙara kuma namu ne, mun ga wajibi ne mu faɗi ra'ayinmu tun kafin a zauna, don kada a yanke abin da za a dawo ana da na sani.

Bari mu fara tuna yadda aka yi aka naɗa shi, gama mutum mai saurin mantuwa ne. Ran 2 ga Janairu, 2025, tun kafin gari ya waye, wuta ta kama Kantamanto a Ankara, ta cinye yawancin kasuwar gwanjon nan, dubban mutane suka wayi gari ba su da ko ƙyalle. Ba a gama jimamin wannan ba, ran Jumma'a 21 ga Maris na shekarar, muna cikin azumi, sai ga tamu a nan Kumasi, a Adum, wajen da a ke ce wa Blue Light. Wanda bai je ya gani ba ya hangi hayaƙi daga ƙofar gidansa. A cikin waɗanda suka yi hasara har da 'yan'uwanmu da suka ciyo bashi suka cika rumfa da kayan Salla. Kafin wannan kuwa an yi ta sabuwar kasuwar Kejetia cikin Maris 2023, manya kuma ba su manta ta babbar kasuwa ta 2009 ba, da waɗanda suka biyo bayanta shekara bayan shekara.

To, a cikin wannan tsoro ne ƙungiya ta kira taro bayan Salla, aka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Aka nemo dattijo ɗan unguwa wanda ya yi aikin kwana-kwana har ya yi ritaya, aka roƙe shi ya riƙa zaga kasuwa da lungunan da ke kewaye da ita, yana duba wayoyin lantarki da wuraren girki da hanyoyin da mota za ta bi, yana rubutawa a littafi, yana kawo wa kwamiti rahoto kowane wata. Aka yanka masa wa'adin shekara biyu. A ranar babu wanda ya ce a'a, har kabbara aka yi. Amma akwai kuskure ɗaya da muka yi, mu ma masu rubuta wannan takarda muna ciki, gama da mu aka zauna. Mun rubuta yadda za a naɗa shi da abin da za a biya shi, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba a kan yadda za a sallame shi in ta kama. Wannan ɓarakar ce ta kawo mu inda mu ke yau.

Mun karanta takardar masu ƙara, kuma ba za mu ce ta banza ce ba. Abu huɗu ne a cikinta. Na ɗaya, sun ce bakinsa da kaifi, yana yi wa mutane faɗa a gaban masu ciniki, har ya ɗaga wa wata Hajiya mai sayar da abinci murya a kan kurfotinta, alhali ta haife shi ko ta yi ƙanwa da shi. Na biyu, sun ce yana son kai, ya sa an janye tebura daga kan hanya amma ya bar rumfar wani ɗan'uwansa da ta shigo hanya daidai da tasu. Na uku, wai an ce yana karɓar na goro don ya kau da ido. Na huɗu, sun ce kasuwa ba ciniki, kuɗin wata ya yi musu nauyi, kuma tun da aka naɗa shi ai ba a yi gobara ba, to, amfanin me ya ke yi?

Na ɗaya gaskiya ne, mu ma mun ji da kunnenmu. Dattijon ya saba da aikin da a ke ba da oda a bi, ya manta kasuwa ba bariki ba ce. Uwa ce, ko ta yi kuskure, a gefe a ke jan ta a gaya mata. Lalle ne ya je har gida ya ba Hajiya haƙuri, kuma kwamiti ya ja masa kunne. Amma fa a tuna abin da ya yi faɗa a kansa. Garwashi ne a ke bari da rai a kulle rumfa a tafi gida, ga atamfa da leda a rumfar da ke jingine da ita. Kaifin baki laifi ne na gyara, bai kai na kora ba, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu da na uku su ne masu nauyi. Mai duba da ke son kai ko ya ke karɓar hanci ya fi rashin mai duba sharri, domin jama'a za su kwanta da zaton ana tsare su alhali an sayar da su. In ya tabbata, mu ne za mu fara cewa a sallame shi, ko da kuwa mahaifin ɗayanmu ne. Sai dai maganar rumfar ɗan'uwansa aba ce mai sauƙin ganewa, a ɗauki igiya a je a auna, a buɗe littafinsa a ga ko ya rubuta ta ko bai rubuta ba. Maganar na goro kuwa har yanzu "an ce" ce. Mun bi sunayen da ke kan takardar, ba mu ga wanda ya ce ni na ba shi, ran kaza, kuɗi kaza, a gaban wane ba. Allah ya umarce mu a cikin Suratul Hujurati mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane bisa jahilci mu wayi gari muna nadama. Mutuncin dattijo Musulmi mai 'ya'ya da jikoki a unguwar nan ba abin da za a zubar ba ne a kan ji-ta-ji-ta.

Na huɗu shi ne ya fi ba mu mamaki. A ce tun da ba a yi gobara ba mai duba ba shi da amfani, daidai ya ke da a ce tun da ɓarawo bai shigo ba a kori mai gadi. Ba mu ce shi ya hana wuta ba, Allah ne mai tsarewa. Amma Allah ya sa wa kowane abu sababi, kuma ga sababan a littafinsa ga mai son ya karanta. Siririyar waya da aka jona wa firji da fanka da dutsen guga takan yi zafi har robarta ta narke, shi ya sa ya ke hana jone-jonen da yara kan yi da dare. In aka ɗauke wuta da yamma mutum ya manta bai kashe abin dafa ruwa ba, wutar ta dawo da tsakar dare, babu kowa a rumfa, daga nan a kan fara, shi ya sa ya ke bi layi layi da magariba yana cewa a kashe makunni. Iskar gas ta girki ta fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, in tukunya na yoyo sai ta kwanta ƙasa ta taru a rumfar da ke kulle, tana jiran ashana ɗaya. Ya koya wa matasa cewa ba a watsa ruwa ga wutar mai ko ta lantarki, da yashi ko jan tulun nan na kashe wuta a ke tarar ta, kuma shi ma tulun yana da ranar da ya ke lalacewa. Ya sa yara sun haddace 192 da 112, lambobin da a ke kira. Nawa ne daga cikinmu suka san waɗannan abubuwa kafin zuwansa?

Sa'an nan ga maganar hanya, wadda ita ce tushen fushin da yawa daga masu sa hannu, ko da ya ke ba su rubuta ta ba. Kowa na son ya turo teburinsa gaba taku biyu don mai wucewa ya gan shi. Taku biyu daga dama, taku biyu daga hagu, shi ke nan hanyar mota ta zama ta mai kura. Ruwan da motar 'yan kwana-kwana ke ɗauke da shi ba ya wuce 'yan mintoci in an sake shi, daga nan sai famfon da aka tanada a bakin titi, in kuwa an kafa kanti a kansa to sai kallo. Wanda ya tsaya a Adum ran nan ya ga yadda cunkoson rumfuna da na mutane ya wahalar da masu kashe wuta. Mai cewa rumfata tawa ce, ba mai gaya mini yadda zan yi da ita, ya tuna misalin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga na mutanen jirgin ruwa, da na ƙasa suka so huda wurinsu don su ɗebi ruwa. In na sama suka ƙyale su, duka za a nutse. Katako ɗaya ne tsakanin rumfarka da ta maƙwabcinka, wuta kuwa ba ta tambayar wa ya biya kuɗin wata.

Kada kuma a ce wannan aikin Turawa ne aka kawo mana. Duba kasuwa tsohon aiki ne a Musulunci, shi ne malamai ke kira hisba, mai yinsa kuwa muhtasibi. Annabi da kansa ya zaga kasuwar Madina, ya sa hannu cikin tarin abinci ya iske na ƙasa a jiƙe, ya tsawata wa mai shi. Kuma da wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, ya gargaɗi sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta in za a yi barci. Abin da dattijon nan ke faɗa da kaushin murya, watau a kashe garwashi kafin a tafi, Sunna ce tun kafin a san kwana-kwana.

Mun ji wani daga malamanmu ya kawo hujja da Sayyidina Umar, cewa da mutanen Kufa suka yi ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ai sauke shi ya yi, ko da ya ke bai same shi da laifi ba, don a zauna lafiya. Gaskiya ne an yi haka, amma a karanta labarin har ƙarshe. Umar ya kira Sa'adu ya gaya masa abin da aka ce, ya saurari amsarsa. Ya aika aka bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar jama'a a fili, kowa na yabonsa, sai mutum guda da ya tashi ya yi suka. Bai bar garin ba shugaba ba, ya naɗa Ammaru ɗan Yasir. Da ajalinsa ya zo kuma ya sa Sa'adu cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma bayyana wa duniya cewa bai sauke shi don gazawa ko ha'inci ba. Watau an saurari mutum, an yi bincike, an cike gurbi, an wanke suna. Wanda zai yi koyi da Umar wajen saukewa, to, ya yi koyi da shi a waɗannan huɗun.

Masu son a soke aikin baki ɗaya suna cewa ai akwai gwamnati. I, akwai. Tun 1963 aka kafa Hukumar Kashe Gobara ta Ghana, dokar 1997 ta ƙara mata aikin rigakafi a kan na kashewa, kuma tun 2003 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa wuraren da jama'a ke taruwa su mallaki takardar shaidar kiyaye gobara, a riƙa sabunta ta. Ikon doka a hannunsu ya ke, namu sufeton ba shi da ikon rufe rumfar kowa, iyakarsa ya yi gargaɗi, ya rubuta, ya kai rahoto. Amma ma'aikacin gwamnati da ke da gari guda a wuyansa ba zai zo kowace magariba ya leƙa bayan rumfar mai koko ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo. Ko Ingila, da duk arzikinta, ta rufe tsohon ofishin sufetocinta na aikin kashe gobara a 2007, bayan shekara goma ta ga babu makawa ta komo da su a 2017, shekarar da benen Grenfell ya ƙone a London mutum 72 suka rasu. Su can 'yan kwana-kwanan kansu su ke dubawa, Sarki ne ke naɗa su, rahotonsu kuma a fili a ke buga shi, don kada wanda a ke dubawa ya zama shi ke riƙe da wuyan mai duba shi.

Wannan shi ne abin da mu ke so jama'a su yi tunani a kansa ƙwarai. Mai duba kowane iri ne, aikinsa ya gaji ɓacin ran mutane, gama aikinsa shi ne ya faɗa maka abin da ba ka son ji. In har ya zama duk ran da ya taɓa mai ƙarfi za a tara hannu a kore shi, to, wanda zai gaje shi ya riga ya koyi darasi tun bai fara ba. Zai zaga yana gaisuwa, ya karɓi albashi, ya rubuta lafiya lau. Mu kuwa mu ci gaba da biyan kuɗi muna sayen barci, har ran da za a tashe mu da ihu. Kuma ba mai babban kanti ne zai fi shan wuya ba, shi yana da inshora ko wani jarin a wani wuri. Gwauruwa mai tallar goro da ta kwashi adashi ta sayi huhu ɗaya, da tela mai keke ɗaya da kayan mutane a hannunsa, da 'yan matan nan masu dako da ke kwana a barandar kasuwa, su ne wuta kan gama da su.

Saboda haka ga abin da mu ke ba taron Lahadi shawara. Kada a ɗaga hannu a kan sallama a ranar. A fara rubuta ƙa'ida tukuna, wadda za ta hau kan wannan sufeto da duk wanda zai zo bayansa. A ganinmu dalilan da za su sa a sallami sufeto kafin wa'adinsa ya cika ba su wuce huɗu ba: cin hanci da ya tabbata da shaida, son kai da ya tabbata bayan an yi masa gargaɗi a rubuce, barin aiki ba uzuri, da rashin lafiya ko tsufan da ya hana shi zagaya. Mai ƙara ya rubuta sunansa, ya tsaya a kan maganarsa. A ba wanda a ke ƙara kwafin takardar da kwana bakwai ya shirya amsa. Mutum uku su zauna su saurara, malami ɗaya, ɗaya daga iyayenmu mata na kasuwa, ɗaya daga dattawan unguwa, kuma kada a sa wanda sufeto ya taɓa rubuta rumfarsa ko wanda ya haɗa jini da shi. Abin da suka samu a karanta shi a gaban taro, mu kuma mu buga shi a nan.

In aka same shi da laifi a sallame shi, a faɗi dalili a fili. In ba a same shi ba a wanke shi a fili kamar yadda aka zarge shi a fili, ya ƙarasa wa'adinsa, in ya cika jama'a na da ikon sabuntawa ko neman wani, babu wanda ya gaji aikin nan. Ko ta wace hanya aka bi, kada a bar kujerar ba kowa ko na dare ɗaya. A sami magaji tukuna, a miƙa masa littafi da makullan wurin ajiye kayan kashe wuta hannu da hannu, balle in hunturu ya kama, lokacin da katako kan bushe iska na kaɗawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar kuɗin wata kuwa, koken masu ƙaramin ƙarfi abin ji ne. Bai kamata mai faranti da mai kanti uku su biya daidai ba. Ma'aji ya kawo lissafi ran Lahadi, a raba nauyin gwargwadon girman rumfa.

Muna roƙon masu ƙara, iyayenmu da yayyenmu, kada su ɗauki wannan a kan mun goyi bayan wani. Haƙƙinku ne ku yi ƙara, kun kuma kyauta da kuka kawo ta ga ƙungiya maimakon ku yi ta a bayan ido. Shi kuma Baba sufeto muna roƙonsa ya zo taron da littafinsa, ya bar fushi a gida, ya saurari abin da za a faɗa ko da da ɗaci. Mu baƙi ne da kakanninmu suka zo ƙasar nan da fataucin goro, suka zauna lafiya da masu gari saboda an san su da riƙon amana da iya sasanta junansu. Kada a ji 'yan zongo sun kasa sasanta maganar mutum ɗaya.

Kowa ya zo ran Lahadi bayan sallar La'asar, maza da mata, kada wani ya zauna a gida ya ce an yanke ba da shi ba. Kafin nan, yau da magariba, kowa ya duba makunninsa da garwashinsa kafin ya sa kwaɗo. Allah ya tsare mu da gobara, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, ya sa mu faɗi gaskiya ko a kan kanmu ne. Amin.

Edita